Maɗori da Mutanen Ƙetaren Rafi

Ka ce abin da ke damunka shi ne kada a ce ka saki abin da ka taso ka tarar a gidanku. To zauna, ɗan'uwa, in ba ka misalin wani maɗori.

A wani ƙauye an yi wani mutum da ya gaji ɗori wurin mahaifinsa. Tare da sanin ƙashi, tsohon ya bar masa ƙa'idoji huɗu: kada ya taɓa karaya sai da alwala, kada ya yi wa mai ciwo tsawa, kada ya kori wanda ba shi da abin sallama, kuma kada hannunsa ya taɓa jikin kowa daga mutanen ƙetaren rafi. Wannan ta ƙarshen ta samo asali ne daga rigimar wata fadama tun zamanin kakansa, inda aka fasa wa wani nasu kai. Shi bai ga rigimar ba, fadamar ma yashi ya daɗe da cinye ta, amma ya riƙe ƙa'idar kamar yadda ya riƙe sauran, yana ganin duk mutuncin gida ne. Wata rana da hantsi aka kawo masa wata mata a amalanke, katanga ta faɗo mata a ƙafa. Yana duba ƙafar daga tsaye ya san karaya ce mai sauƙi. Ya tambayi daga inda suke, aka ce daga ƙetare, ya ce su yi gaba. Suka yi ta roƙo, ya shige gida yana jin ya cika ɗa. Wani wanda bai ƙware ba ne ya ɗora ta, ƙashin ya haɗe a karkace.

Matar nan daddawa take sayarwa, hanyar kasuwa kuwa ta ƙofar gidansa ta bi. Duk ranar kasuwa sai ta wuce, ƙwarya a ka, tana jan ƙafa. Ba ta taɓa zaginsa ba, ko duban inda yake ba ta yi. Shi kuma idon maɗori gare shi, ba ya iya ƙin gani. Ya san daidai inda ƙashin ya goce, ya san yadda ƙugunta ke ɗaukar nauyin da ba nasa ba, ya san nan gaba bayanta ma zai tanƙware. Aka yi shekara tara a haka. Da farko yakan ce wa kansa ai wasiyyar uba ce. Daga baya ya koma tashi daga dakali duk ranar kasuwa, amma ko yana cikin ɗaki sai ya ji jan takalmin nan a ƙasa. Ba wa'azi ya ji ba, ba kuma wani ne ya yi masa faɗa ba. Gajiya ya yi da kare abin da shi kansa ya kasa faɗin amfaninsa. Ran nan sai ya zauna ya ɗauki ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda kowacce ke amfana. Alwala tana natsar da shi kafin ya taɓa mutum. Taushin murya yana kwantar wa mai ciwo da hankali. Ta ukun ta ceci ƙafafun talakawan da bai san adadinsu ba. Ta huɗun bai samo mata kowa ba sai wani mamaci da bai taɓa gani ba. Ya ce a ransa wannan fushin kakansa ne kawai, ya ɗauko shi ya riƙe a matsayin gaskiya. Ya ƙudurta ajiye shi.

Ajiyewar ba ta zo da sauƙi ba. Ya naɗe wando ya ƙetare rafin, ya tarar da matar tana shanya kalwa a tabarma. Ya durƙusa ya ce, "Baiwar Allah, ni ne na kore ki. Ban kyauta ba." Ta ce, "Na gane ka, malam. Ƙafa dai ta riga ta haɗe." Ta ci gaba da shanyarta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ya dawo gida ya tarar labari ya riga shi. Ƙannensa suka yi wata uku ba su ci ƙwarya ɗaya da shi ba, suna cewa ya zubar da girman tsoho. Ranar da aka fara kawo masa wani manomi daga ƙetare da karyayyen hannu, sai da tsohuwar ƙyamar ta taso masa. Ya tsaya ta lafa, ya yi alwala, ya shafa man kaɗe, ya jera kara ya ɗaure. Na biyu bai kai na farko wuya ba. Ya koya wa bakinsa kada ya tambayi garin mutum sai ya gama ɗauri, har ya zo ya daina tambayar gaba ɗaya.

Matar ta rasu da ƙafarta a karkace. Wannan bai gyaru ba, kuma da sanin haka ya tsufa. Amma gidan bai rushe ba, sana'ar ba ta bar hannunsa ba, ƙannen ma suka gaji suka dawo ƙwarya. Daga gaɓar nan har waccan, in an ga ɗori ya yi kyau, sunan mahaifinsa ake kira a sa masa albarka. Shi ya sa Hausawa ke cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.