Kamshaf Mai Dogon Tozo da Kwanon Kunu

Tasi'u, ajiye wayar nan ka saurare ni. Tun ɗazu kake nuna mini hotunan injuna, kana tambayar wanne za ka ɗora wa motarka, wace kamshaf ce kuma za ta fi ba ta wuta. Ni kawunka ba zan zaɓar maka ba, amma ga misali.

An yi wani mai sayar da taya wanda Allah ya jarabce shi da son mota. Ya gaji wata tsohuwar mota daga mahaifinsa, kullum yana cikin goge ta. Ran nan inji ya buga. Gogan naka ko a jikinsa, faɗuwa ce ta zo daidai da zama, don ya daɗe yana kwaɗayin shiga tseren da matasa ke yi a wani fili bayan gari. Ya sayo inji ɗan Kwatano mai fulogi shida. Saura kamshaf, sandar ƙarfen nan mai tozaye da ke buɗe bawul inji ya shaƙi mai da iska. A shagon kayan mota aka ajiye masa guda biyu. Mai gajeren tozo ba ta da hayaniya, tana jan mota tun daga tafiyar ƙafa. Mai dogon tozo kuwa, in an saki hanya sai dai a ga ƙura, amma ba ta san lallaɓawa ba, da ka sassauta inji zai kama tari. Kada ka ce jahilci ne, ya san wannan sarai, ya ma fi mai shagon sani. Kunne ne ya ja shi. Ya taɓa jin gurnanin mai dogon tozo a motar wani, tun ranar zuciyarsa ba ta dawo ba, don haka ita ya ɗauka.

Abin da ya manta shi ne ba shi kaɗai ke da kujera a motar ba. Tun rasuwar maigidanta, mahaifiyarsa ba ta shiga motar kowa sai wannan, ta ce kujerar gaba ta san bayanta. Kwatsam sai saƙo ya zo daga ƙauye: yayarta ta kwanta, jiki ya yi tsanani, ba ta cin komai, sai ambaton kunun gyaɗa irin na hannun ƙanwarta. Tsohuwa ta dama kunu, ta ƙi fulas wai yana sa wa kunu wari, ta zuba a kwanon samira ta rungume a cinya. A kan kwalta mota ta yi abin da aka saye ta don shi, har ɗan yana satar kallon uwar ko za ta yaba. Da suka sauka hanyar ƙasa wadda damina ta cinye, labari ya sha bamban. In ya sassauta don rami, mota ta mutu. In ya taka totur, ta zabura. A wani kwazazzabo ta yi zabura ɗaya, kunu ya kife a zanin tsohuwa, bayanta ya amsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai dubi kwanon ta ce, “Ɗan nan, da can motar babanku ta iya tafiya da tsofaffi. Me ka ba ta?”

Haka suka juyo gida ba su je ba. Ta yi kwanaki a kwance da ciwon baya, shi kuma duk ƙarar waya sai gabansa ya faɗi, kada a ce yayar ta cika. Ya kawo shawarar motar haya, ta juya masa ƙeya. Wallahi ya ji kunya, ya kuma ji tsoro. Ga tsere ya matso, amma ya kwance inji da hannunsa, ya zare mai dogon tozo, ya sayo mai gajere ya sa. Sannan ya cika kwano da ruwa fal, ya ɗora a kujerar uwar, ya riƙa zaga unguwa a giya ta ɗaya, yana tsayawa yana saita inji, har ruwan ya daina zuba. Abokan tsere suka sa masa suna Direban Kunu, da shi ake dariyar.

Da tsohuwa ta miƙe, ta dama sabon kunu, suka sake kama hanya. Babura suka wuce su, har wani mai jaki sai da ya yi musu sannu a wurin kwazazzabon nan. Suka isa da la'asar, kwano cike. Suka tarar da yayar da sauran numfashi. Ta sha ludayi guda, ta ƙara, ta ce tsamiya ta yi yawa, ƙanwar ta ce ai bakinki ne, suka yi ta dariya har da hawaye. Kafin Juma'a ta zagayo Allah ya karɓi abarsa. Tseren kuwa gogan naka ya je, bai ci ba. Mai dogon tozon tana nan rataye a bangon shagonsa, yakan shafa mata mai, don har yau yana sonta.

To, Tasi'u, ban hana ka son gudu ba, ni ma na so shi. Amma iyalinka ga ta da tsohon ciki, layinku kuma ka san yadda ruwa ya mai da shi. Kafin ka tambayi wanne ya fi wuta, tambayi wa zai zauna kusa da kai, a kan wace hanya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.