Ƙugiya a Tafin Hannu

Da igiyar fatsar ta tsinke, bai tsaya tunani ba, ya faɗa ruwan da rigarsa.

Shekara da shekaru mutanen ƙauyensu, can bayan Sandamu, suna yi wa mahaifinsa dariya. Wai ya taɓa kamo giwan ruwa mai tsawon mutum a ɗan tafkin nan, ya kuɓuce masa. Har Alƙur'ani ya ce zai dafa, aka ce ya rufa wa kansa asiri. Yanzu tsohon ya makance, yana kwance, ko kunu ba ya wucewa. Shi ya sa ɗansa ya tare a bakin tafkin tun kaka.

Ya cafko kifin cikin laka, ya cusa hannu a bakinsa, yana roƙon Allah ya ƙara masa ƙarfi. Fizga ɗaya kifin ya yi, ya watsar da shi, ya nutse. Ba wanda ya gani sai shanun da ke shan ruwa.

Ya shiga ɗakin mahaifinsa jiƙe sharkaf, hannunsa na ɗigar jini.

"Baba, na riƙe shi. Ya kuɓuce."

Tsohon ya laluba hannun. Yatsunsa suka tsaya kan wani abu da ya nutse a tafin: tsohuwar ƙugiya mai tsatsa, an naɗe wuyanta da jan ƙarfe, irin naɗin da shi kaɗai yake yi.

"Ashe yana riƙe min ita," ya ce a hankali. "Kada ka cire tukuna. Kira min mutane."