Wa Ya Goge Farantan Auta?

Ƙarfe takwas daidai Malama ta ajiye takardar ƙorafi a teburin Farfesan da ke duba binciken ɗanta a jami'a, shafi uku, ta ja wa muhimman wurare layi da jan biro. Shekara talatin da biyar ta yi a aji kafin ta yi ritaya, kuma mai laifi bai taɓa sha a hannunta ba.

Autanta na tsaye a bakin ƙofa, kai a sunkuye. Wata bakwai ya yi yana fama da tanderun ɗakin bincike, yana tura iskar gas a kan 'yan farantan silikon, har zaren kabon, sinadarin gawayi, ya tsiro a kansu, siriri ainun, ido ba ya iya ware ɗaya. Da irinsa ake son haɗa mitsitsin na'urorin cikin waya. Faranti huɗu kacal suka yi kyau, kuma ranar Alhamis masu jarraba shi za su zo gani.

Jiya da la'asar aka tarar da farantan fes, babu ko zare ɗaya.

"A nemo wanda ya yi a hukunta shi, a kuma ƙara wa yaron nan lokaci," in ji Malama. Ta shafa yatsa a gefen teburin, ta duba, ta ja tsaki.

"Umma, don Allah mu tafi gida," in ji Auta.

"Rufe min baki. Halin ubanka ka ɗauko, a taka ku ku ba da haƙuri."

Aka kira mai shara, ta rantse ba ta da makullin ɗakin. Aka kira mai gadi, ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli Auta, ya fasa.

Farfesa ya gyara tabarau. "Hajiya, lokaci kam na ƙara masa wata biyu. Amma ki yarda da ni, babu inda muke tsaftacewa kamar ɗakin nan."

Malama ta miƙe tsaye.

"Tsafta? Kai ɗan nan, ni za ka gaya wa tsafta? Jiya da na kawo masa abinci ya fita amsa waya, da idona na ga ƙazantarku. Wasu 'yan tasoshi a jere sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ba wanda ya damu, sai da na sa hankicina na goge muku su tas!"