Robar Jan Ruwa

Tunda kin ce tsoron bakin mutane ne ya hana ki saka sana'arki a waya, to ji misalin wata mai ɗinkin zannuwan gado. Matar nan ba mai yawan fita ba ce, daga ita sai kekenta a lungun ɗaki. In ta gama ɗinki sai ta shimfiɗa shi a gado, ta ɗauki hoto, ta ɗora a shafinta mai ɗauke da sunanta da na mahaifinta. Da haka iyayen amare suka san ta. Ana nan, wata rana wata hajiya ta rubuta a ƙarƙashin hoton wani jan zani, inda kowa zai gani, cewa wanki ɗaya ya zuba, ya ɓata wa 'yarta farin leshi, don haka jama'a su yi hattara da macuciya. Ƙawar mai ɗinkin ta ce ta goge maganar ta toshe hajiyar. Maigidanta kuwa, don tausayi, cewa ya yi ta rufe shafin ta buɗe sabo da wani suna, ai haka kowa ke yi. Ita dai tana tunanin in ta sauya suna a waya, da wanne za ta amsa sallama in an zo ƙofar gida?

Sai ta ɗauko ragowar yadin ta tsoma a robar ruwa. Kafin ta gama tankaɗen garin tuwo, ruwa ya koma kamar zoɓo. Ta daɗe a tsugune tana kallonsa. Daga nan ta ɗauki hoton robar, ta ɗora ta rubuta: "Hajiya ta faɗi gaskiya, ban gwada yadin ba kafin in ɗinka. A yafe mini. Duk wadda ta sayi irinsa ta dawo da shi in sake mata." Kwana da kwanaki waya ta yi tsit, keke ya yi ƙura, har ta fara jin ko ta kashe kanta da hannunta ne. Sai masu dawo da zani suka soma sallama ɗaya bayan ɗaya, fuska a ɗaure. Kowacce ta tarar da sababbin yadudduka a jiƙe a tsakar gida, ruwansu garau, aka ce ta zaɓa da kanta. Wadda ta zo da niyyar faɗa sai ta koma da labari. Tun daga lokacin, ba ta ɗora hoton zani sai da robar gwajinsa a gefe. Yanzu in ana lissafin kayan ɗakin amarya a unguwar, za ki ji wata ta ce, "A kai wa waccan, ita in kayanta da aibi da bakinta za ki ji."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.