Ranar Auna Yashi

Bisa doka, kowane gida zai kai yashin matatar ruwansa ofis duk wata, domin dattin da yashin ya tare ke nuna yawan masu sha.

Malam Ɗanjuma kuwa ya ɓoye ƙanwarsa Ladidi, wadda rijiyoyin ƙauyensu suka ƙafe, ba ta da rajista. Don haka ya wanke yashinsa tas kafin ya kai.

Ma'aikaciyar ta murza yashin a tafin hannu, ta dube shi.

"Baba, kai da Hajiya kun daina shan ruwa ne?"

"Azumi muke yi, 'yata."

"Allah ya karɓa. Wa kuke ɓoyewa?"

Asarar da aka yi: an rufe famfon gidan wata uku, an mayar da Ladidi ƙauye, an ƙwace yashi buhu ɗaya, mai tsabta ƙwarai.