Gidan Ƙarshen Layi

"Mun ƙara muku tankin ruwa," in ji dillalin kamfanin gine-ginen, yana murmushi. "Ga tayil a falo, ga fenti kyauta, kalar da uwargida ta zaɓa. Saura me kuma, ranka ya daɗe?"

Matar ta zunguri mijinta. Shekara goma sha tara suna yawon gidan haya, ga shi an ba su zuwa ƙarshen wata su kwashe komatsansu.

"Ku riƙe tankinku da tayil ɗinku," ya ce a hankali. "Abu ɗaya nake roƙo, a canza mana gida. Kowanne ne, ban da na ƙarshen layi."

"Wallahi duk an saye, shi kaɗai ya rage."

"Haba, Baban yara," ta raɗa masa, idonta ya ciko. "A titi za mu kwana?"

Ya sa hannu a takardar.

Ranar tarewa yara suka yi ta tsalle suna rabon ɗakuna. Shi kuwa ya tsaya a ɗakin da suka zaɓa, ya shafa bango. Fenti ya yi sumul.

Dillalin bai gane shi ba cikin wankakkun kaya, amma shi ne maginin da ya ɗora bulon gidan nan bara. Buhun siminti uku aka ba shi a aikin buhu goma, ya ja bakinsa ya yi shiru don kar a sallame shi. Tsagar da ke ƙarƙashin tafin hannunsa, shi ya rufe ta da filasta, yana cewa a ransa, "Allah sarki wanda zai saya."