Babur ɗin Mai Hannu Ɗaya

Na ji kana shirin sake wa tsohonka kayan aikinsa ba tare da ka tambaye shi ba, wai don ka ba shi mamaki. Niyyarka mai kyau ce, amma zauna ka ji wani misali tukuna.

An yi wani mutum a ƙasar auduga wanda injin gurza ya cinye masa yatsun hannun hagu tun yana saurayi, ya bar masa dungu. Da ya warke, abin da ya fi ci masa rai shi ne goyo: duk inda za shi sai ya roƙi wani ya ɗauke shi a bayan keke ko babur, ya jira lokacin mai abin. Yana cikin wannan ƙunci Allah ya haɗa shi da wani ɗan babur irin na da, wanda ba shi da kulocin hannu. Totur kawai za ka murɗa da dama, ka taka giya da ƙafa, shi ke nan ya ɗauki hanya. Waɗanda suka ƙera shi kamar sun san da zamansa, domin injin a fili yake a ƙarƙashin firam, ba a lulluɓe shi da komai ba. Fulogi na leƙowa ta gefe, noti ɗaya ka kwance baƙin mai ya zubo. Ranar Juma'a da hantsi sai ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya danne sifana da dungun, ya juya da dama, ya wanke fulogi da fetur a murfin kwano, yana yi yana hira da masu wucewa. Da wannan babur ya yi fataucin zare da allura a kasuwannin ƙauye, da shi ya kai matarsa asibiti haihuwar fari, da shi yake zuwa gaida yayarsa a ƙetaren rafi. Zamani ne na arha da auki, ka cika ɗan tankin nan ka manta da gidan mai har kasuwa ta zagayo. Ya ƙware ƙwarai, har mutanen gari suka daina ganin dungun. Shi kuwa ba abin da yake so a duniya kamar haka.

Shekaru suka tura, mai babur ya yi furfura, babur ma ya fara tari da hayaƙi, in ya zo hawan gangaren rafi sai an taimaka masa da ƙafa. Yara na yi masa dariya, shi ko a jikinsa, ya san halin abinsa kamar yadda ya san halin matarsa. Babban ɗansa da ke aiki a birni shi ne abin ya dama, yana ganin ba girmansa ba ne a ce ubansa na hawan wannan akwala. Da ya biya wa tsohon kujerar Makka, jirgi na tashi ya sa aka loda babur zuwa wurin wani bakanike. Bakanike ya duba ya ce irin wannan inji an daina kawo shi, amma ga wani sabo mai ƙarfi, sai dai bai zauna daidai a firam ɗin ba. Ɗan ya ce a yi duk abin da za a yi. Aka sa zarto aka yanke kunnuwan ƙarfen da ke riƙe tsohon inji, aka yi waldar sababbi, aka buɗa cikin firam, aka cusa sabon ya matse har fulogi ya ɓuya a bayan ƙarfe, ba ya fita sai an sassauta injin gaba ɗaya. Tsohon injin kuwa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka auna suka tafi da shi. Aka fesa fenti ja. Ɗan da kansa ya tuƙo shi gida, yana matsa kuloci da hannun hagu yana saki, yana jin daɗin yadda yake cin hanya, kuma ko sau ɗaya abin bai faɗo masa a rai ba.

Alhaji ya dawo, aka gama 'yan sannu da zuwa, ɗan ya kamo hannunsa zuwa zaure ya yaye zanen da aka rufe babur da shi. Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya durƙusa ya leƙa inda fulogi yake a da, ya ga ƙarfe da tabon walda. Ya miƙe ya hau, ya kama totur da dama, ya ɗora dungunsa a kan hannun babur na hagu, kusa da mariƙin kuloci mai sheƙi wanda ba shi da yatsun da zai ja shi. A nan ɗan ya gane abin da ya yi.

Baƙin ciki ya cika tsohon, amma ya san ƙauna ce ta jawo, kuma ya san shi ne ya yi shekaru yana koya wa yaron nan mantawa da hannun. Sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ya yi kyau."

An koma wurin bakanike, ya ce abin da zarto ya ci ba ya dawowa. An bi 'yan gwangwan, sun ce tuni babbar mota ta kwashe. Da kasuwar ƙetaren rafi ta ci, aka ga Alhaji tsaye a bakin hanya da jakar zarensa, yana ɗaga wa ɗan acaɓa hannu.

Saboda haka ka je ka tambayi tsohonka tukuna. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido.